Kafin ki ƙirga kuɗin gida, duba abin da fenti ya rufe



Duk wadda ta taɓa zama wurin rabon asusu a ƙarshen zagaye ta san tambayar da ake yi wa juna cikin raha: "To ke, me za ki yi da naki?" Da can amsar ba ta wuce akuya, ko jarin ƙuli-ƙuli, ko kayan ɗakin ɗiya. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 abubuwa sun yi nisa. Yau akwai mata cikinmu da suke haɗa rabon shekaru da kuɗin tumakin Layya da ɗan abin da suka gada, su ce wurin zama suke nema, inda ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa ƙarshen wata. Wannan abin murna ne. Amma kuɗin gida ba kuɗin atamfa ba ne. In atamfa ta zuba, sai ki yi tsaki ki sayi wata. In gida ya zuba, gumin shekara goma ne ya bi ruwa.

Na san haka ne daga cikin gidanmu. Yayata ta sayi gida bayan rasuwar mijinta, kuma ni na raka ta ranar dubawa. Cikin watan Afrilu ne, rana kamar ta dafa mutum. Gidan ɗaki biyu da falo, an shafe shi da sabon fenti, ƙofar ƙarfe ce mai kyau, ga bishiya a tsakar gida. Dillali yana gaba yana buɗe ƙofofi yana zuba bayani, mu muna baya muna lissafin inda za a sa gado da inda za a kafa murhu. Ba mu yi rabin awa ba muka fito. Abu biyu suna gabanmu ƙuru-ƙuru ba mu gan su ba: titi ya fi tsakar gidan tudu, sannan gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa, yaɓensa sabo ne, ya bambanta da na sama. Da Agusta ta yi tsakiya, ruwa ya shigo ta ƙofar gida cikin dare. Buhunan gyaɗar da take juyawa suka jiƙe, bangon baya ya dare daga sama har ƙasa. Rabonta na shekarar da ta biyo, da bashin da ta ɗauka cikin asusu, duk gyara ya cinye.

Ba wanda ya yi mana ƙarya da baki. Mu ne ba mu san abin da ake dubawa ba.

Ruwa ne babban mai shari'a

A ƙasarmu, gida da rani duk kyakkyawa ne. Damina ce take faɗin gaskiyarsa. Shi ya sa masu son rabuwa da gida mai matsala suka fi fito da shi kasuwa tsakanin sanyi da bazara, lokacin da komi ya bushe. In da hali, ki ga gidan a cikin Agusta, washegarin babban ruwa. In ba hali, to sai ki nemi sawun da ruwan ya bari, don ruwa ba ya wucewa bai bar shaida ba.

Ki fara daga waje, tun ba ki shiga ba. Tsaya a bakin ƙofa ki dubi titi. Gangarensa ina ya nufa? In kina sauka ne za ki shiga gidan, ko da taki ɗaya, ki san cewa ruwan titi ma haka zai sauka. A unguwanni da yawa titi yana ƙara tudu shekara bayan shekara, saboda yashi da shara da jar ƙasar da ake zubawa, gidajen da suka daɗe kuwa suna nan inda suke, har su koma kamar kwano. Ki dubi ƙofofin maƙwabta. In kowa ya gina ɗan shinge na bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofarsa, ko kin ga tsofaffin buhunan yashi an jera, ba ado suka yi ba. Ki dubi katangun layin baki ɗaya: ruwan da ya kwanta yakan bar zane miƙaƙƙe a jikin bango, ƙasansa ya fi samansa duhu. Mai sayarwa zai iya shafe nasa da fenti, amma ba zai shafe na maƙwabta ba.

A cikin gida kuma, ki roƙi bokitin ruwa biyu ki kwarara a tsakar gida, ki tsaya ki ga inda zai bi. Ya nufi kwata ya fita? Ko ya tafi ya kwanta a gindin ɗaki? In ya fita, ina ya faɗa? Akwai gidajen da kwatarsu take zuba cikin gidan maƙwabci ko filin wani da bai gina ba tukuna. Ranar da mai filin ya tashi gini zai toshe, ke kuma ki gaji rigimar da ba ki san farkonta ba.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: me ke wurin nan kafin a yi gini? Garuruwanmu cike suke da tsofaffin kududdufai, inda aka haƙi laka aka gina unguwa. Da gari ya cika, sai a cike ramin da shara da ƙasa a yanka filaye. Gidan da aka ɗora a kan irin wannan ciko yakan yi ta zama a hankali, gefe ɗaya ya riga ɗaya, bango ya yi ta tsagewa komi yawan liƙin da aka yi masa. Haka wanda aka gina a tsohuwar hanyar korama. Shekara biyar, shida, ba a ga komi ba, sai shekara guda ruwa ya tuna da hanyarsa. Dillali ba zai faɗa miki wannan ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Tsofaffin unguwa su suka sani.

Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da gari kan tudu. A Yamai, cikin Satumbar 2020, kogi ya cika fiye da yadda aka saba gani, shingen da ke kare Lamorde ya ɓalle, unguwannin hayin kogi suka kwana cikin ruwa. A daminar 2024 kuwa ba jihar da ta tsira, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya faɗi a farkon Satumba. In kin ji gida a bakin gulbi, ko gefen tabki, ko cikin kwari, an sa masa kuɗin da ya yi araha ƙwarai, to arahar tana da dalili.

Wata dabara da ba ta cin ko dala: ki koma unguwar ke kaɗai da la'asar, ba dillali, ba mai gida. Ki yi sallama gidan da ke kusa, ki nemi ruwan sha, ki zauna da matan gidan. Su ne suke kwana kwasar ruwa da roba in an yi ambaliya, su suka san gidan da salgarsa ta rufta, su suka san dalilin da ƴan hayar baya suka tashi. Abin da mace za ta gaya miki a kan tabarma cikin minti goma, namiji ba zai same shi a majalisa ba cikin sati.

Bango

Ginin ƙasa ba aibi ba ne, kada wani ya ruɗe ki. A zafin Afrilu da Mayu, mai ɗakin soro ta fi mai ɗakin bulo da tol samun barci. Sai dai ginin ƙasa yana rayuwa ne da abu biyu: kansa ya zama a rufe, ƙafarsa ta zama a bushe. Saboda haka ki durƙusa ki dubi gindin bango, ciki da waje. In ya zaizaye ya yi rami kamar an ƙwaƙule, ko kina murza shi da yatsa yana zuba kamar gari, ko kin ga farin abu kamar kanwa ya fito, to danshi ne yake hawowa daga ƙasa yana cin bangon. Bulon siminti ma yana yin haka, fenti ya kumbura ya yi ta ɓarewa daga ƙasa. Ki tura hannu bayan kabad da bayan labule. Ki shaƙi iskar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Warin danshi ba ya ɓoyuwa, sai dai in an turara wuta kafin ku zo, wanda shi ma abin lura ne.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne ginin ƙasa da aka yaɓe da siminti, wanda ake ce wa semi-dur. Daga waje sai ki rantse bulo ne. Siminti ba ya kama laka da kyau. Da ya ɗan tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba hanyar fita, sai lakar ta yi ta jiƙa a ɓoye, fuskar tana nan sumul. Rana ɗaya yaɓen ya ɓallo gaba ɗaya kamar faifai. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki riƙe makulli ko ɗan dutse ki bi bango kina ƙwanƙwasawa. Inda ya kama, ƙarar a toshe take. Inda ya rabu, za ki ji yana amsawa kamar ganga. Ki kuma tambaya kai tsaye, gaban shaidu: bulo ne ko ƙasa? Kaurin bango a bakin taga ma yana nunawa.

In bulo ne, a samu wurin da ba a yaɓe ba, kamar bayan gida ko saman katanga, a karce shi da ƙusa. Bulon da aka yi wa rowar siminti yana marmashewa, ƙusa ta shige kamar cikin dunƙulen sukari. Waɗanda suke gini don su sayar, ba don su zauna ba, a nan suka fi cin riba: a buhun siminti, da ƙarfen cikin ginshiƙi, da zurfin tushe. Duk wuraren da ido ba ya kai wa.

Tsaguwa kuwa iri-iri ce, kuma ba kowace ce abin tsoro ba. Ƙanana sirara kamar gashi, da suka bazu a fuskar yaɓe, yawanci yaɓen ne kawai ya bushe da sauri. Waɗanda za su tsayar da ke su ne: wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, wadda take bin layin bulo tana hawa kamar matakala, wadda ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, wadda ta raba bango biyu a kusurwa, da wadda kike gani ciki, ki zagaya waje ki same ta a daidai wurin. Waɗannan suna cewa ƙasan ginin yana motsi. In ƴar dala biyar tana shiga cikinta, kada ki saurari "ai siminti kaɗan ne". Ƙofa da taga ma suna ba da labari: in ƙofar ƙarfe tana gogar daɓe, ko sai an sa kafaɗa take rufuwa, ko an yanke gindinta, wataƙila ba maƙeri ne ya yi kuskure ba, ginin ne ya karkata. Daɓen da ya tsage ya nutse a gefe ɗaya shi ma haka.

In kina son gidan duk da tsaguwar, kuma ba a matsa miki ba, a shafa ɗan siminti siriri a kanta a wuri biyu, a rubuta ranar, a dawo bayan sati huɗu ko shida. In shafin ya tsage, tsaguwar tana da rai. Mai gidan da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba ki amsa.

Sama

Rufin tol a dube shi da tsakar rana, a rufe ƙofa da taga, a ɗaga kai. Duk inda haske ya shigo, ruwa zai shigo. In akwai plafo, a nemi a buɗe ƴar ƙofarsa, wani ya leƙa da tocila. Plafo sabo fil a tsohon gida abin tambaya ne. Tabon ruwa mai launin shayi, katakon da ya lanƙwashe, kashin jemage, duk a can suke ɓuya. A duba kuma yadda aka ɗaure rufin da bango. Guguwar farkon damina, a Mayu da Yuni, ita take kwashe rufin da aka ɗora kawai aka danne da bulo. In kin ga an jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan tol, kin san abin da ake tsoro.

Soro kuma, azara ce ransa. A soka mata ƙusa ko wuƙa, musamman bakin da ya shiga cikin bango, don nan take fara ruɓewa. A dubi tsakiyar ɗaki ko rufin ya yi ciki. A hau sama a ga ko ƙasar ta yi kwari inda ruwa zai kwanta, a ga indararo ko yana nan, ko ya toshe, ko gajere ne yana zubar da ruwa a jikin bango. Soro da yawa da suka faɗa wa mutane cikin dare, indararo ne ya fara toshewa.

Mai rufin dal, wato kankare, kada ta ce ta tsira. In a ƙasan dal ɗin kin ga jan tabo na tsatsa, ko kankaren ya ɓare har ƙarfe ya bayyana, ruwa ya daɗe yana shiga. Gyaran dal ya fi na tol tsada nesa ba kusa ba. Kuma in an ce miki "an yi tushen bene, za ki iya ɗora wani hawa", kada ki biya kuɗin wannan magana sai wanda ya san aikin ya tabbatar.

Gara ba ta buƙatar dogon bayani, duk mun san ta. Ki nemi siraran hanyoyinta na ƙasa a jikin bango, bayan ƙofa, da kan katakon rufi. Katakon da ta ci daga ciki, fuskarsa lafiya lau, amma yatsa yana shigewa. In akwai suri a cikin gidan ko jikin katanga, ki sa kuɗin magani da na sabon katako cikin lissafi.

Makewayi

Kunya takan sa mu leƙa makewayi mu fito da sauri, alhali nan ne wurin da ya kamata a daɗe. Shekarar salgar nawa? Ta kusa cika? An gina cikin ramin da bulo ko ƙasa ce tsirara? Murfinta ya tsage, ko gefensa ya fara nutsewa? Salgar da ba a gina cikinta ba tana iya ruftawa da damina, da mutum a kai. In fos ce, yaushe aka kwashe ta, kuma motar kwasa tana iya shigowa lungun? A Damagaram akwai unguwannin da dutse yake kusa, ba a samun zurfi, ramin ya yi ta cika da wuri. A unguwannin bakin kogi da fadama kuwa ruwan ƙasa ne yake kusa, da damina sai ya taso ya haɗu da na salga.

Ki lura da ramin ruwan wanka. In an haƙa shi jikin bangon ɗaki, naku ko na maƙwabci ta bayan katanga, shi ne yake jiƙa tushe dare da rana. Bangon yayata da ya dare, daga baya muka gano ramin maƙwabta yana manne da shi. In gidan yana da rijiya, ki auna tazararta da salga da taki. Ma'aikatan tsabta sukan ce kada ta gaza mita 15, in an samu 30 ya fi. Bishiyar dogon yaro tana da daɗin inuwa, amma in tana dab da bango ko fos, saiwarta tana aiki a ƙasa.

Wuta da pampo

Ki nemi ganin takardun biyan wuta da ruwa na watannin baya, ki ga sunan wa ke kan kontar, kuma ko akwai bashi. A je ofishin NIGELEC da na kamfanin ruwa da lambar kontar a tambaya, kada a tsaya ga maganar baki. Akwai gidan da za ki ga ƙwai yana ci, ashe daga maƙwabci aka jawo waya. Ranar da kuka saɓa, ko ma'aikata suka gano, ke ce a ciki.

Wayoyi kuma, a duba bakin wuraren da ake soka fulogi ko sun yi baƙi, a duba haɗin da aka naɗe da leda, da siririyar wayar da aka ja don ƙwai ɗaya amma yanzu ake son ta ɗauki firiji. Ga masu sana'ar ƙanƙara da lemun ɗauri wannan ba ƙaramin abu ba ne, gobara daga nan take tashi. Ki ɗaga kai waje ma, ki ga ko babbar wayar wuta ta ratsa ta saman gidan.

Na pampo, a rufe kowane baki a gidan, a je a dubi kontar. In tana juyawa, bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, kina biyan kuɗin ruwan da yake cin tushen gidanki. Sannan ki tambayi maƙwabta ƙarfe nawa ruwa yake zuwa a watannin zafi. Pampo a tsakar gida daban, ruwa a cikinsa daban. Ƴan Damagaram ba sai an gaya musu ba.

Takarda

Duk abin da na lissafa a sama, kuɗi yana gyara shi ko ya rage shi. Matsalar takarda ita ce take fitar da mace daga gida da kayanta a ka.

A cikin gari, filin da aka yanka bisa tsari yana da takardar da ma'aikatar magajin gari take bayarwa, za ki ga an rubuta «acte de cession» a samanta, da lambar rukunin filaye da ta filin kansa. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce «titre foncier», da ake yi a ofishin rajistar filaye. A karkara da gefen gari kuma za ki tarar da takardar shaidar mallakar gargajiya ko ta sayarwa, da sa hannun mai gari da hukumar filaye, wadda ake kira Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Kowace aka nuna miki, ki nemi ta asali, ba hoto ba. In aka ce ta asalin tana wurin wani, ki tambaya wa. Sau da yawa tana banki ne ko hannun wani mai kuɗi, an jinginar da gidan.

Da takardar a hannu, a je ma'aikatar magajin gari, sashen filaye, a duba cikin rajista: lambar ta dace da wannan gida, ba na bayansa ba? Sunan da ke rajista shi ne na mai sayarwa? A sa katin ɗan ƙasarsa kusa da takardar a gwada. An sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, har uku, kowa da takardarsa. A kuma nemo duwatsun iyaka, a auna. In katanga ta ci titi, ko ta shiga filin makaranta, ko kasuwa, ko wurin da hukuma ta keɓe, ranar rusau ba a tambayar wa ya gina. Mutanen Yamai sun san rigimar filayen da aka yanka a cikin gandun itatuwan da ya kewaye birnin.

Sai gidan gado, wanda ya fi kowane cin mutane. Za ki ji an ce, "Ai ni ne babba, duk sun yarda." Babba ba shi ne duka ba. Ana iya samun ƙane a Libiya ko Abijan, ko ɗiya da take aure a Kano, ko marayu ƙanana da ba su san ana yi ba, ko matar mamacin da ba a fitar mata da tumuninta ba. Bayan shekara uku ɗaya ya dawo ya kai ƙara, shari'a ta ci shekaru, ke kina tsakiya. A nemi takardar gado daga gidan shari'a, mai ɗauke da sunayen magada duka, da takardar zaman iyali da ta nuna wanda aka wakilta ya sayar. In mai sayarwa wakili ne na wani da ke tafiya, a ga takardar wakilci, a kuma yi magana da mai gidan kansa.

Ranar biya, kada a yi a ɗaka, kada a yi da dare. A yi a gaban noter in da hali. Kuɗinsa yana da ɗan ciwo, amma bai kai ciwon shari'a ba. In ba hali, to a rubuta, da shaidu daga ɓangarenki, da mai unguwa, a kai a buga hatimin hukuma. Ko kafin alƙalami ne, a rubuta shi, a kuma rubuta cewa za a maido in aka tarar da matsala a takarda. In akwai ƴan haya a ciki, a rubuta ranar tashinsu. A tambayi ofishin haraji ko gidan yana da bashi. Bayan an biya, kada ki ajiye takardar a ƙasan akwati da sunan tsohon mai gida, a yi juyin suna nan da nan.

Sunan wa? A nan zan faɗi ra'ayina, wadda ta ga dama ta ɗauka. In kuɗinki ne, sunanki. Ba rashin yarda da maigida ba ne, ba raina yaya ko ƙane ba ne. Addini ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, doka ma haka. Mutum yana iya zama amintacce har ya koma ga Allah, amma ranar da ya rasu, duk abin da ke da sunansa gadonsa ne, a raba da kishiya da ƴaƴanta da iyayensa. Maigida ya raka ki, ya yi miki ciniki, ya sa hannu a matsayin shaida, duk daidai ne. In kun haɗa kuɗi ne, a rubuta sunan ku biyu da abin da kowa ya sa. In kuma ƙungiya ce ta sayi wuri don shago ko injin niƙa, kada a sa sunan shugaba ita kaɗai.

Da wa za ki je

Kada ki je ke kaɗai, kada kuma ki je da wanda mai sayarwa ya kawo. Dillali ba maƙiyinki ba ne, amma la'adarsa sai an yi ciniki take fitowa, saboda haka ba shi ne zai nuna miki tsaguwa ba. Ki ɗauki maso naki, dattijo wanda ya daɗe yana gini a garin, ki biya shi kuɗin yininsa, ki gaya masa tun farko cewa ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsa yana nan. Ƴan jikunan da za ki ba shi ba su kai buhu biyu na siminti ba. In gidan mai dal ne ko bene, a nemi ma'aikacin gine-gine mai ilimin abin. Ki tafi da ƴar ƙungiya ɗaya mai ido, da yaro mai karatu ya riƙe littafi ya rubuta duk abin da aka gani, a ɗauki hotuna da waya. Ƙungiyoyin da ke unguwa ɗaya za su iya shirya wa maso guda da suka yarda da shi, duk wadda za ta sayi gida ko fili ta kira shi.

Ba gidan da za a duba a rasa aibi. Amfanin littafin shi ne ki raba aibin gida biyu. Tol da ya huje, wayar da ta tsufa, gara, salgar da ta cika: maso ya yi musu kuɗi, ki ɗora lissafin a gaban mai gida, a rage daga farashi. Gida a hanyar ruwa, tushen da yake motsi, takardar da ba ta fita ba: waɗannan ba a ragi a kansu, tashi ake yi. Za a ce miki akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe. A bar wa Alhajin.

Kuma kada ki zuba duk abin da kike da shi a farashi. Juyin suna, noter, la'ada, gyaran farko, duk suna jiranki, ga zubin sati ba ya tsayawa don kin sayi gida.

Yayata tana nan cikin gidanta. An ɗaga bakin ƙofa bulo biyu, an cika tsakar gida da jar ƙasa mota uku, an fasa sabuwar kwata ta gefen gabas, maƙwabta kuma sun yarda sun matsar da raminsu bayan mai unguwa ya sa baki. Daminar bana ruwa ya tsaya a dakali. Bangon baya ne ya rage, maso ya ce sai an sauke shi an sake tushe, tana jiran rabon wannan zagaye.